Akwati Goma Sha Shida Zuwa Ƙasar Magarya

Wata bakwai na yi a Aljeriya kafin wani ya tambaye ni abin da na iya.

Sunana Mutari. Iyayena mutanen Hamdara ne, amma a Zinder na girma, a can na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji uku na kwaleji, a can kuma na koyi walda. Shekara goma sha ɗaya na yi ina haɗa amalanke da tirelolin da tarakta ke ja. Da aiki ya yi ƙasa, iyali kuma suka ƙaru, sai na ɗaure kayan aikina a akwatin ƙarfe na nufi arewa.

Tamanrasset ce zangona na farko. A tasha wani mutum mai fara'a ya tare ni da Hausa irin tamu, ya ce sunansa Ila. Ya tambaye ni unguwarmu, na ce Birni. Ya lissafo mini lungunanta ɗaya bayan ɗaya har na ji kamar na ga ɗan'uwa. Muka zauna a inuwar wani bango, na kwance kilishin da matata Rabi ta ƙulle mini, muka ci tare. Ya ce akwai garejin da ke neman mai walda, amma baƙo mai ɗauke da kaya yana jawo ido, don haka shi zai wuce da akwatin a mota, ni in biyo a ƙafa, kwanar titi biyu kawai zan sha in ga garejin. Na sha kwanar farko, na sha ta biyu, ban ga gareji ba sai filin zubar da shara. Ban ƙara ganin Ila ba. Na daɗe ina tunanin kayan nan, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya lashe yatsunsa ya ce Allah ya yi wa Rabi albarka.

Daga nan na wuce Gardaya. Wata huɗu ina ɗaukar bulo da siminti. Mu shida muke kwana a cikin ginin da muke yi, kuma duk lokacin da baƙuwar mota ta tsaya a ƙofa sai mu haye sama mu yi shiru, don takardunmu ba su cika ba. A garin na gano inda ake sayar da gero: shagon abincin tsuntsaye. Mai shagon ya tambaye ni tsuntsu nawa gare ni, na ce ɗaya ne, amma babba. Na daka geron a cikin gwangwani da guntun rodi, na dama kunu, muka sha mu shida.

Da sanyi ya shigo na bi wasu zuwa Bilida, kusa da teku, inda ake tsinkar lemo. Ruwansu yana sauka kwana uku a jere ba ƙamshin ƙasa, ba tsawa, sai sanyi mai shiga ƙashi. In na kira gida, uwata takan tambaye ni ko ina ci ina ƙoshi, in ce ƙwarai, ina rawar ɗari a cikin buhun da na huda na sa a wuya.

A gefen gonar lemon akwai wani dattijo mai kiwon zuma, Ammi Bilƙasim. Ammi a bakinsu kamar mu ce baffa. Yana da akwatunan zuma talatin da shida, da mota mai buɗaɗɗen baya irin wadda muke kira bashe, da karaban, wato ɗaki mai ƙafafu da mota ke ja, wanda yake kwana a ciki in ya bi fure zuwa daji. Wata rana da la'asar na tarar da ɗansa Jamel a tsugune yana ƙoƙarin like wani ƙarfe da ya tsage a gaban karaban ɗin. Waldar tana taruwa guda-guda kamar kashin kaji. Na tsaya ina kallo har na kasa daurewa.

Na ce da Faransanci, "Wutar ta yi yawa. Ƙarfen siriri ne, za ka huda shi."

Jamel ya ɗaga gilashin fuskarsa ya dube ni sama da ƙasa. "Kai kuma wa ya kira ka?"

Dattijon yana zaune a kan wani akwati da babu komai ciki. Ya ce, "Bar shi. Ɗana, me ka iya?"

Na ce walda. Ya ce wa Jamel ya miƙa mini abin waldar. Wata bakwai rabona da riƙe abin, amma da na ja layin farko sai ya kwanta sumul. Ammi ya shafa wurin bayan ya huce, ya ce in zo gobe.

Haka na zama ɗan aikinsa. Na koyi hura hayaƙi da ɗaga saƙa ba tare da na murƙushe ƙuda ba, na sha harbi har fuskata ta daina kumbura. Matarsa, Khalti Zuhra, wato inna Zuhra, ta ga buhun da nake sawa, washegari ta aiko mini da rigar sanyi ta ulu. Kullum in ta zuba kuskus sai ta ƙara mini barkono a gefe, don ta ji an ce mutanenmu suna son yaji. Jamel dai bai sake da ni ba. Shi ke tuƙi, shi ke sayar da zuma, kuma ba ya son a ga uban yana jin maganar baƙo.

Da furen lemo ya ƙare, Ammi ya ce lokacin tafiya kudu ya yi, can bayan duwatsu, inda magarya ke fure. Na zaci ban ji daidai ba, sai da ya nuna mini hoto a waya. Magaryarmu ce, wadda muke tsinka muna yara. Ya ce zumarta ta fi kowace daraja, amma furen ba ya daɗewa, kuma akwai wani busasshen rafi da masu zuma ke rige-rigen kamawa. Wanda ya fara ajiye kayansa, wurin ya zama nasa a shekarar.

Shekarun baya da akwati ashirin yake tafiya. Bana sun kai talatin da shida, Jamel kuma ya ce tafiya ɗaya za a yi. Ashirin da huɗu a bayan mota, sha biyu a cikin karaban, a cika tankin ruwa, a ɗora buhunan sukari da tulun gas biyu.

Jamel ya ce, "Motar nan tana jan tan ɗaya da rabi. Wanda ya sayar mana ya faɗa. Karaban ɗin ko tan ɗaya bai kai ba."

Ba hurumina ba ne in musa masa a gaban ubansa. Amma na ga yadda bayan motar ke zama ƙasa in an ɗora mata akwati goma kawai, kuma na ji an ce hanyar tana hawa dutse tana gangarowa. Ni ne zan zauna a tsakiyarsu. In taya ta fashe ko birki ya ƙi, zumar Ammi ce da rayukanmu. In kuma jandarma suka tsayar da mu don kaya sun yi yawa, su za a ci tara, ni za a sa a kamiyo, babbar motar kaya, a kai iyaka.

Bayan sallar azahar na sami Ammi shi kaɗai, na roƙe shi ya nuna mini takardar motar. Ya ciro ta daga cikin leda. Na karanta, na je na duba ɗan allon ƙarfen da ke like a gaban karaban, na goge tsatsar da yawu. Sannan na ɗauki allin da nake zana ƙarfe da shi, na rubuta a bangon rumfar da ake ajiye motar.

Na ce, "Ammi, tambaya uku ce, Jamel ya amsa ɗaya. Ta farko, nawa mota za ta iya ja. Takarda ta ce ita da abin da take ja kada su wuce kilo dubu huɗu da ɗari biyu. Ita kaɗai da kayanta kada ta wuce dubu biyu da ɗari bakwai. In ka cire, saura dubu ɗaya da ɗari biyar. Nan Jamel ya yi gaskiya, za ta ja karaban ɗin."

"To, ina matsalar?"

"Ta biyu, nawa za ta ɗauka a bayanta. Ja daban, ɗauka daban. Ta uku, nawa shi karaban ɗin zai ɗauka a cikinsa, don ƙafafunsa biyu ne kawai, kuma allonsa ya ce kada ya wuce dubu ɗaya da ɗari biyu."

Jamel ya shigo yana jin ƙarshen maganar. Ya karanta bangon ya yi dariya. "Allon ya ce nauyinsa ɗari tara in babu kaya. Saura ɗari uku. Akwati goma ke nan. Biyu ne za su kashe mu?"

Na ce, "Ɗari tara ranar da ya fito daga masana'anta. Wa ya sa masa kantocin ƙarfe? Wa ya sa batir biyu da faifan hasken rana da firji?"

Ammi ya shafa gemunsa. "Ni ne. Shekara da shekaru."

"To ba mu san nauyinsa ba. Sai mun auna."

Jamel ya ce ba zai ɓata yini guda don lissafin mai tsinkar lemo ba. Uban bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai ka ji daga bakin mai sayar da mota, shi ya karanta a takarda. Ma'auni zai raba ku."

Washegari muka je wani wurin fasa dutse inda akwai babban baskil, wato ma'aunin da kamiyo ke hawa. Mai kula da shi tsoho ne mai ido ɗaya. Da ya ji abin da ya kawo mu ya ƙi karɓar komai, ya ce in an dawo a taho masa da ɗan zuma. Muka hau da mota ita kaɗai: dubu ɗaya da ɗari tara, don an yi mata shingen ƙarfe a baya wanda takarda ba ta san da shi ba. Muka kwance karaban muka tura shi kai: dubu ɗaya da ɗari ɗaya, babu ko ɗigon ruwa a tanki.

Jamel ya ce a sake. Aka sake. Allurar ba ta motsa daga inda ta tsaya ba.

A kan murfin mota na ƙarasa lissafin. Karaban saura masa kilo ɗari kacal: gas ɗaya, barguna, abinci, shi ke nan. Ruwa sai mun isa mu ɗiba, don kowace lita kilo ce. Mota saura mata ɗari takwas. A ciki za a cire mu uku, ɗari biyu da talatin, domin mutum ma kaya ne. A cire abin da hancin karaban ke dannawa a kan ƙugiyar mota, kamar saba'in. Saura ɗari biyar. Mun riga mun auna akwatuna uku a ma'aunin zuma, kowanne ya kama talatin.

Na ce, "Akwati goma sha shida."

"Cikin talatin da shida?" Jamel ya juya wurin ubansa. "Ya Baba, Si Mukhtar gobe zai tashi da nasa gaba ɗaya. Kafin mu gama kai da kawo ya kama rafin."

Si Mukhtar maƙwabcinsu ne, shi ma mai zuma, da mota da karaban irin nasu. Si a bakinsu kalmar girmamawa ce. Na ce, "Ba akwati ne ke kama wuri ba, ai Ammi ya ce wanda ya fara ajiye kaya. Mu kai karaban da sha shida gobe, Ammi ya zauna a wurin. Ni da kai mu dawo. Babu karaban, babu Ammi, mota za ta ɗauki ashirin ɗin da suka rage har da sauran wuri."

Jamel ya ce gazuwal ɗin fa, man da motar za ta sha a sawu biyu. Ammi ya ce gazuwal ana sayensa a kowace tasha, kuma magana ta ƙare.

Saura abu ɗaya. Da yamma na sa ma'aunin zuma a ƙasa, na kafa guntun katako a kai, muka sauke hancin karaban a bisa. Kilo ashirin da biyar kawai ya nuna, don batir da firji duk a baya suke. Jamel ya ce ai hakan ya fi, mota ta huta. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin amalanken da aka loda wa kaya a baya har ta ɗaga jaki sama yana harba iska. Bai taɓa gani ba, amma Ammi ya gani, ya yi dariya har da tari. Na ce karaban mai sauƙin hanci haka yake, da an yi gudu zai fara kaɗa wutsiya ya ja motar da shi. Muka kwance batir muka dawo da su gaba, muka jera kaya masu nauyi a ƙasa daidai kan ƙafafu, muna aunawa muna gyarawa har ya nuna saba'in. Ƙugiyar an rubuta mata saba'in da biyar. Si Mukhtar ya leƙo ta kan shinge ya ga muna auna ɗaki a ma'aunin zuma, ya tambayi Ammi ko zai sayar da shi ne kilo-kilo.

Da magariba muka toshe ƙofofin akwatunan da raga, da asuba muka tashi. Ƙudan da aka rufe ba ya son rana. In tafiya ta tsaya zafi ya taru, saƙa ta narke, su mutu a ciki.

Hanyar ta shiga wani kwazazzabo mai birai a gefe, ta fara hawa. Motar tana nishi amma tana tafiya, allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba. A shingen jandarma na farko aka tsayar da mu. An ajiye motoci biyu a gefe waɗanda bayansu ya kusa taɓa ƙasa. Jandarman ya dubi tamu tana tsaye daidai, ya dubi karaban, ya karɓi takardu daga hannun Jamel ya mayar, ya ɗaga hannu. Ammi ya dafa gwiwata.

A gangaren ne aka gwada mu. Na roƙi Jamel ya sauko bites na biyu, wato giya ta biyu, ya bar injin ya riƙe motar, kada birki ya yi zafi. Ya yi tsaki, amma ya sauko. Muna cikin wata doguwar kwana sai wani babban kamiyo ya wuce mu da gudu, iskarsa ta bugi karaban. Na ji bayan motar ya ja hagu, ya ja dama. A madubi na ga farin ɗakin yana lilo, ƙasa kuma rami ne mai zurfi. Na ce, "Kada ka taka birki. Ɗaga ƙafa kawai, riƙe sitiyari." Karaban ya yi lilo sau biyu, na uku ƙarami, sannan ya dawo bayanmu ya bi layi. Jamel ya ci gaba da tuƙi a hankali. Da muka sauka fili ya goge tafin hannunsa a wando ya ce, "Da batir ɗin suna baya fa?" Na ce Allah ya kiyaye. Ya miƙo mini gorar ruwansa.

Wajen hantsi muka tarar da Si Mukhtar. Ya riga mu tashi da awa guda. Motarsa ta karkace a gefen hanya, ƙarfen sifirin ɗin baya, mai tallafe nauyin motar, ya karye, taya tana gogar jiki. Akwati arba'in a rufe, rana tana hawa, kana jin kukan ƙudan daga nesa. Mutumin yana zagaye motar hularsa a hannu.

Jamel ya dubi ubansa. In mun wuce, rafin namu ne. Ammi ya ce, "Tsaya."

Muka sauke akwatunan zuwa inuwar wata gada, muka yayyafa musu ruwan shanmu. Na shiga ƙarƙashin motar, na ɗaga ta da jak, na cusa katako tsakanin ƙarfe da jiki na ɗaure da sarƙa, yadda za ta iya rarrafawa zuwa gari ba kaya. Si Mukhtar ya ce mu ɗaukar masa ko akwati biyar. Kafin in buɗe baki Jamel ya ce, "Ba wuri. Kilo ashirin ya rage mana." Amma ya yi masa alkawarin in mun sauke namu za mu dawo mu kwashe. Si Mukhtar ya buɗe ƙofofin akwatunansa a nan gindin gadar don su sha iska. Duk da haka akwati shida sun riga sun mutu.

Mun isa rafin kafin azahar. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jan yashi, magarya ko'ina, ƙananan furanninta suna ƙamshi. Na tsaya na rasa a wace ƙasa nake. Muka jera akwatunan, Ammi ya ce ni zan buɗe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina zare raga, ƙudan suna fitowa suna zagaye, sannan su miƙe zuwa itatuwa. Goma sha shida, babu wanda ya yi shiru.

Kwana uku ni da Jamel muna kan hanya. Muka kwaso ashirin ɗinmu, muka kwaso na Si Mukhtar a sawu biyu, muka jawo masa karaban ɗinsa. A hanya Jamel ya tambaye ni sunan 'ya'yana, ya sa na koya masa yadda ake cewa sannu da aiki. Ammi ya ba Si Mukhtar gefen rafin na yamma.

Ranar Juma'a da safe ina zaune a ƙofar karaban ina cin burodi da zumar farko da Ammi ya yanko mini, sai ga Si Mukhtar da wasu masu zuma biyu da ban sani ba. Kowannensu yana riƙe da takardar motarsa a cikin leda. Suka yi sallama, ɗaya ya tambaya wane ne mai lissafin, don suna so a duba musu kafin komawa.

Na yunƙura zan tashi. Ammi ya danna kafaɗata na koma zaune.

Ya ce musu, "Malam yana karyawa. Ku sami wuri ku zauna."

Suka zauna a kan yashi, takardu a cinya. Jamel ya shiga ciki ya ɗauko mini alli.